Yaran Gobir tsakanin JAMB da Bak

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta]

Yau shirin namu ya nufi ƙasar Gobir, wajen Gatawa da Sabon Birni da Isa. Labarin 'yan bindigar yankin kun sha jinsa, har da kisan Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannunsu cikin Agustan 2024. Mu yau maganar yaran da rikicin ya kora daga gida za mu yi, musamman waɗanda suka isa shiga jami'a, da irin mutumin da zai kama hannunsu da na iyayensu.

Wanda ya san yankin ya san Gulbin Maraɗi. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, ya ratsa ta Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya komo Nijeriya ya haɗu da Rima. Mutanen bakinsa ma haka suke kai da komo. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa sun kafa Tsibiri, daga baya wasunsu suka kafa Sabon Birni. Da Turawa suka ja iyaka, Tsibiri ta faɗa rabon Faransa, Sabon Birni ta faɗa rabon Ingila, alhali kakanni ɗaya ne, askar fuska ɗaya, magana ɗaya.

Shi ya sa da abin ya yi tsanani, can mutane suka nufa. A watan Mayun 2020, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum fiye da 60,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsallaka Nijar cikin shekara guda. An tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, da yawa kuma suka sauka a gidajen dangi. A kasuwa ba sa neman tafinta, a masallaci ma haka, haka a bakin rijiya. Sai an zo ƙofar makaranta ake gane cewa lallai an canza ƙasa.

[Kiɗa kaɗan]

A ce yarinya ce 'yar aji biyu a babbar sakandare, saura shekara guda ta zauna WAEC, iyayenta suka kwashe ta suka tsallaka. Can sai ta tarar makaranta lakwal ake ce mata, malami kuma mushe. Karatun da Faransanci ake yinsa. Firamare shekara shida ce kamar a gida, amma daga nan sai shekara huɗu a zauna BEPC, sai wasu uku a zauna Bak, wadda ita ce mabuɗin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ko Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Lissafin da ke kanta bai gudu ba, amma ba ta da bakin da za ta nuna shi. Ko dai ta koma ta zauna cikin ƙannenta, ko ta zauna gida. Kun san wanda aka fi zaɓa wa budurwa.

A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. Abin farin ciki ne. Sai dai doka daban, takardar jarrabawa daban, kuma yarinyarmu ba za ta iya jira ba.

To bayan shekara uku sai iyalin suka komo, suka raɓe a Sakkwato ko Isa. Mahaifin ya riga ya yanke cewa karatu ya ƙare, domin a saninsa wanda ya bar aji ya bar shi ke nan. A nan ake bukatar jagora: wani yaya ko wata yaya da ta bi hanyar, ta san inda ramukan suke. Shi zai faɗa wa Baba cewa WAEC da NECO duk suna da jarrabawar 'yan waje, wadda mutum zai zauna ko ba ya cikin wata makaranta. Kiredit biyar ake nema, har da Turanci. Wanda ya biyo ta makarantar Arabiyya yana da tasa hukumar, NBAIS, akwai kuma Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar. Wanda ya ci Bak yake son karatu a Nijeriya, sai an kai takardarsa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja an tantance ta. Wanda kuma ya ci WAEC yana zaune a Maraɗi, akwai Jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe a 2013, ana koyarwa da Turanci, amma fa mai zaman kanta ce, sai da kuɗi.

Duk wannan bayani yana rubuce, ba a ɓoye shi ba. Da Turanci yake ko da Faransanci, kuma a intanet.

Ku dubi JAMB kawai. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN. Sai ka tura lambar ta saƙon waya zuwa 55019 kafin a ba ka lambar da za ka sayi fom. A Satumbar 2021 ɗin ce aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Jarrabawar kanta a kwamfuta ake yi: darussa huɗu, tambaya 180, awa biyu, maki 400. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, kafin hannunsa ya daina rawa lokaci ya ja. Awa uku da wani yayansa zai zauna da shi a shagon kwamfuta kafin ranar, wallahi ta fi masa wata guda na haddar tsofaffin tambayoyi.

Akwai kuma abin da iyaye da yawa ba su taɓa ji ba. A jami'o'in tarayya, kashi 45 na gurabe ana ba da su bisa maki zalla, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar ne, kashi 20 kuma an ware wa jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, Sakkwato tana ciki. Ke nan ɗan Gatawa da ya zaɓi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da ƙofa fiye da ɗaya, muddin yana riƙe da takardar shaidar ƙaramar hukumarsa. Wanda makinsa bai kai ba, akwai IJMB, akwai kwalejin ilimi, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi.

[Kiɗa kaɗan]

Ni a ganina, kuskuren da masu son taimako suka fi yi shi ne su tara yara a aji su yi musu lacca, su bar iyaye a gida. Yaro ba shi ke yanke hukunci ba. Jagora na ƙwarai zaure yake fara zuwa, ya tuɓe takalmi, ya gaida Baba, ya aika a gaida Inna, ya saurari tambayoyin da babu fom ɗin da ya amsa su. “To ɗana, kuɗɗin nawa na? Ina ɗiyata za ta kwana? Wa ka tsaya mata can?” Wanda ya amsa da guntun Turanci, ya rasa gidan. Wanda ya ce, “Baba, ni ma a ɗakin kwanan ɗalibai na zauna, ga abin da na kashe a zango, ƙanwata tana can yanzu za ta riƙe ta,” ya yi rabin aikin. Idan 'ya mace ake magana a kai, a tura mace ta shiga cikin gida, domin abin da Inna za ta faɗa wa 'yar'uwarta mace ba za ta aiko da shi zaure ba.

Maganar kuɗi kuwa a faɗe ta tsakani da Allah. Tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND, marar ruwa, ga ɗaliban makarantun gwamnati a Nijeriya, kuma bashi ne, za a biya. Mai rajistar gudun hijira a Nijar yana iya neman tallafin DAFI, wanda Jamus ta kafa a 1992. Gurabensa kaɗan ne. A duniya baki ɗaya, alƙaluman 2023 sun nuna kashi 7 cikin 100 kacal na matasan 'yan gudun hijira ke kaiwa ga karatun gaba da sakandare, burin hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma shi ne a kai kashi 15 kafin 2030.

Su wa za su yi wannan jagoranci? Ba sai an ɗauko kowa daga nesa ba. 'Ya'yan Gobir suna nan a jami'o'in Sakkwato, 'yan Nijar masu jin Faransanci suna karatu tare da su, ga malaman da rikicin ya raba da ajujuwansu, ga ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi da ke taruwa duk hutu. Ɗalibi ɗaya ya ɗauki gida biyu ya isa. In an samu mai jin Fulfulde ko Tamashek, to madalla, domin ba Gobirawa kaɗai suka gudu ba.

Wanda ya ɗauki gida, aikinsa na farko shi ne ya ce a fito da ledar takardu a shimfiɗa bisa tabarma, tun kafin a buɗe rajistar JAMB a farkon shekara. Sau da yawa za ka tarar a takardar firamare an rubuta Aisha, a katin da aka ba ta a Nijar Aïchatou, a NIN kuma A'ishatu, ranar haihuwa ma kowace takarda da tata. JAMB daga NIN take ɗauko suna, kuma ranar tantancewa a jami'a harafi bayan harafi ake dubawa. Gyaran yana cin makonni, wani lokaci da rantsuwa a kotu, don haka a fara shi tun da kaka, lokacin da akwai ɗan kuɗin wake a hannu.

Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]