Gaskiya ko Jita-jita: "Ko Babban Laifi, Ko a Sake Shi"

Masu kallon finafinan kotun Turawa sun ɗauka cewa juri, wato mutanen gari 12 da ake zaunarwa su saurari shari'a, zaɓi biyu kawai gare su: su kama mutum da laifin da ake tuhumarsa, ko su sallame shi. A Ingila da Wales dai, wannan jita-jita ce.

Wata doka ta 1861 ta jera laifin ji wa mutum rauni hawa-hawa. Sashe na 18 na wanda ya yi rauni da niyyar yin mummunar illa ne, kuma yana iya jawo ɗaurin rai da rai. Sashe na 20 na wanda ya yi raunin ba da wannan niyya ba, iyakarsa shekara 5. Sara ɗaya, jini ɗaya, bambancin yana zuciyar mai wuƙar. Wata doka ta 1967 kuwa ta ba juri damar su wanke mutum daga na 18, su kama shi da na 20.

Wasu na cewa ai wannan sassauci ne da lauyoyi ke ƙullawa tsakaninsu. Ba haka ba ne. Sau da yawa ma lauyan wanda ake tuhuma ne ba ya son a ambaci ƙaramin laifin, yana fatan a saki mutuminsa gaba ɗaya. A shari'ar Graham Coutts, wadda ta kisan kai ce, ɓangarorin biyu sun yarda kada a gabatar wa juri zaɓin kisa ba da gangan ba. A 2006 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya suka nemi a soke hukuncin da ya same shi da kisan ganganci, suka ce wajibin alƙali ne ya gabatar da zaɓin in shaidu sun nuna shi a fili, ko lauyoyi sun so ko sun ƙi. Hujjarsu tana da ƙarfi: juri da suka ga mutum ya yi ɓarna ba za su so ya tafi salin-alin ba, sai su ɗora masa laifin da ya fi nasa. An sake shari'ar a 2007, aka kuma samu Coutts da kisan ganganci.

Shin kowane ciwo rauni ne a idon dokar 1861? A'a, sai fata ta tsage gaba ɗaya. A shari'ar Eisenhower, harsashin bindigar iska ya fasa jijiyoyin jini a idon wani, amma da yake fata ba ta yage ba, kotu ta ce ba rauni ba ne.