Masu gyaran zaman iyali da nasarorin da suka samu

Ƴan uwa manoma da makiyaya na ƙasar Dakoro, mun saba tattaunawa kan zazzaɓin sauro da tsutsar hatsi. Yau za mu duba wata cuta wadda allura ba ta warkarwa, wato rashin jituwa a cikin gida.

Mun san lokutan da take tasowa. Rumbu ya yi ƙasa tun kafin shuka, kishiyoyi su fara zargin juna kan awon hatsi. Mai gida ya tafi cin rani Nijeriya ko Libiya, ya bar iyali hannu wofi. Mace ta nemi zuwa awon ciki, miji ya hana. Ƙarshen wannan kuwa sananne ne. Yaro ya rame don uwarsa ta yi yaji. Mai naƙuda ta kwana biyu tana jiran izinin zuwa gidan likita, daga Kornaka ko daga rugagen Tarka, har lokaci ya ƙure.

A Amurka da Turai, tun wajen 1950 ake horar da masana waɗanda aikinsu shi ne zama da iyali gaba ɗaya, miji da mata da yara, har su fahimci juna. Mu ma muna da masu wannan aiki, kuma sun samu ci gaba wanda ya kamata mu sani.

Mata Masu Dubara

A 1991, ƙungiyar CARE ta fara wannan tsari a nan jihar Maraɗi, bisa al'adarmu ta adashi. Mata suna haɗuwa kowane mako, su zuba kuɗi kaɗan a akwati, su ranta wa juna. Wadda ta ci bashi takan yi ƙuli-ƙuli ko ta kiwata akuya. Idan yaro ya kwanta, tana da abin sayen magani, ba sai an yi cacar baki da mai gida ba. A wurin taron ne kuma manyan mata ke ba amare shawara. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama.

Sulhun sarakuna

A 1993 doka ta tabbatar wa sarakunan gargajiya na Nijar ikon sasanta mutane a kan sha'anin al'ada, kamar aure da gado da gona. Wata doka ta 2015 ta sabunta wannan matsayi. Mai gari ko sarki yakan saurari kowane ɓangare gaban dattawa da malamai. Idan an daidaita, sai a rubuta takardar sulhu. Idan abin ya gagara, sai a wuce gaban alƙali.

Makarantar magidanta

A 2007, hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi bincike a jihar Damagaram. Ta gano cewa ƙin amincewar maza yana cikin manyan abubuwan da ke hana mata zuwa gidan likita. A 2008 aka buɗe makarantun magidanta guda 11 a can, daga baya suka iso jihohin Maraɗi da Tawa.

Wannan makaranta ba ta da allo, ba ta da shugaba. Magidanta kamar 12 ne suke zama sau biyu a wata. Wanda zai shiga sai ya kai shekara 25, yana da aure, mutane sun shaide shi da halin kirki, kuma matarsa tana zuwa gidan likita. Sukan gayyato ungozoma ta yi musu bayani, sa'an nan su kai maganar dandali da wuraren suna da ɗaurin aure. A wasu garuruwa har sun gina makewayi a gidan likita da ɗakin kwanan ungozoma. Namiji yakan ji maganar ɗan uwansa namiji fiye da ta baƙo.

Abin da ya rage gare mu

Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma kada mu jira sai an kai ga saki. Tun magana tana ƙarama, mu kai ta ga dattijon da miji da mata duka suka yarda da shi. Mai sulhu ya saurari kowa shi kaɗai tukuna, kuma ya riƙe sirri. Kafin mai gida ya tafi cin rani, ya auna wa iyali hatsi, ya bar izinin zuwa gidan likita a gaban shaidu. Idan kuwa akwai duka ko rauni, a fara da gidan likita da hukuma, sulhu ya biyo baya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da gidajenmu lafiya.