ƊAKIN SANYI: A GWADA BUTUTU KAFIN A ZUBA KAYA

Kowane manomin lambu ya san halin tumatir idan bazara ta kama. Kwandon da aka tsinka a Kadawa yau, kafin kwana uku ya soma ruwa a kasuwa. Don haka waɗansu manoma da 'yan kasuwa sukan haɗa kuɗi su gina ɗakin ajiya, su sa masa injin sanyi. To, amfanin injin nan duka ya dogara ne ga bututu biyu na jan ƙarfe, siriri da kakkaura, waɗanda suka haɗa rabin injin da ke cikin ɗaki da rabin da ke waje.

A cikinsu ne gas yake zagayawa, ya kwashi zafin ɗaki ya kai waje, ya komo. Gas ɗin nan ba ya ƙarewa kamar fetur. In ya ragu, lalle wani wuri ne yake yoyo, galibi kuwa a mahaɗa. Saboda haka ya kamata mai kaya ya tsaya da kansa ran da makaniki zai haɗa, ya lura da abu uku.

Na farko, haɗi. Akan yanke bututu daidai, a kankare bakinsa, a zura noti, sa'an nan a buɗa bakin ya zama kamar na kakaki. In bakin ya tsage ko ya karkace, sai a yanke a sake. A fara ɗaura noti da hannu, kana a ƙarasa da sifana biyu. In ya yi sako-sako zai yi yoyo, in an matse fiye da kima bakin ya fashe.

Na biyu, gwaji. A cika bututun da iskar naitirojin, a shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa. Inda kumfa ta yi ta tasowa, nan ɓarakar take. A kuma duba agogon awo, a bar shi ya daɗe. In allura ta sauka, aiki bai yi ba. Kada a kuskura a yi gwajin nan da iskar oksijin ta masu walda, gama in ta gamu da man injin tana iya fashewa.

Na uku, zuƙe iska. Bayan an saki naitirojin, sai a sa famfon da ke zuƙe iska da laima daga bututu, har awo ya kai maikiron 500 ko ƙasa, ya kuma tsaya bayan an kashe famfon. Laimar da ta saura takan daskare ta toshe hanya, ko ta ɓata mai, kwampireso ya ƙone. Sai an gama wannan za a buɗe wa gas hanya, a naɗe bututun da soson roba.

Bayan haka, mai ɗaki ya riƙa leƙa mahaɗan. Maiƙo a jikin noti alamar yoyo ce. Wanda ya zuba kwando ɗari a ɗakin da ba a gwada ba, ranar da gas ya tsere sai ya kwashe su zuwa juji. Kada kuwa ya ji nauyin tambayar makaniki, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.