Inda Harsunan Kwamfuta Ke Miƙa Wa Juna Kaya

Yawancin manhajojin da ke cikin wayoyin Android da harshen Java ko Kotlin aka rubuta su, amma aikin da ya fi nauyi, kamar adana bayanai da buɗe hotuna, sukan miƙa shi ne ga kayan aikin da aka rubuta da harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙago a Amurka a 1972, ko kuwa da ƙanensa C++. To, a wajen miƙa kayan nan ake yawan yin ɓari.

Dalili kuwa shi ne kowane gida da al'adarsa. Java da C# na kamfanin Microsoft suna da wani mai shara da ke zagaya ƙwaƙwalwar kwamfuta, yana kwashe abin da aka gama da shi, yana kuma gusar da sauran domin a sami fili. Shi C ba ruwansa da wannan: adireshin da aka ba shi, nan zai koma. In mai shara ya riga ya ɗauke kayan, sai C ya karanta abin wani, ko ya yi rubutu a kansa. Saboda haka tilas a kafe kayan wuri guda, ko a ba C kwafi, har ya gama.

Sai kuma batun awo. Ƙunshin da ke ɗauke da harafi mai bayit 1, da lamba mai bayit 4 a bayansa, galibi bayit 8 yake ci a C, ba 5 ba, domin akan bar gurbi 3 a tsakani. Lambar da C ke kira "long" bayit 4 ce a Windows, amma 8 ce a Linux mai bit 64, alhali a C# kullum 8 ce. Wanda ya yi kuskuren awon nan, da ma manhajar ta tsaya cak da ya fi masa sauƙi; sau da yawa takan ci gaba da aiki, tana ba da lissafin ƙarya ba wanda ya sani.

Tun 1997 Java ke da gadar da ake kira JNI, wadda masu sana'ar suka daɗe suna kuka da wahalarta. Sai a watan Maris na 2024, da fitowar Java 22, aka kammala sabuwar hanya wadda mai rubutu ke bayyana tsarin ƙunshin bayit-bayit daga cikin Java ɗin kanta.