Abin Da Ke Karkatar Da Ƙwallon Golf Hagu

Jama'a, wanda duk ya taɓa tsayawa kallon wasan golf, wanda waɗansu ke kira ƙwallon lambu, ko a filin barikin soja na nan Minna ko a na Rayfield a Jos da aka buɗe tun 1913, ya ga wannan abu: mutum ya auna rami sosai, ya buga, ƙwallo ya tafi hagu ya faɗa cikin ciyawa. Sai ka ji ana cewa iska ce, ko kuwa sandar ba ta da kyau. Ni dai ina ganin galibi ba ruwan iska, ba ruwan sanda. Bari in yi bayani a kan mai bugu da dama. Bahago sai ya juya maganar.

Tafiya hagu iri biyu ce. Akwai ƙwallon da ke fita hagu tun daga tashinsa, ya miƙe sak kamar kibiya. Akwai kuma wanda ke fita daidai, ko ma dama kaɗan, sa'an nan ya lanƙwasa a sama. Ciwonsu ba ɗaya ba ne, don haka maganinsu ba ɗaya ba ne.

Da, masu koyarwa sun ce ƙwallo ya kan bi hanyar da sanda ta biyo. Amma da aka sami na'urar TrackMan, wadda mutanen Danmak suka ƙirƙiro a 2003, aka auna bugu, sai aka tarar ba haka ba ne. Sanda da ƙwallo ba su haɗuwa sai wajen rabin kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan, kuma inda goshin sanda ke duba a wannan ɗan lokaci shi ne ke da kashi 75 zuwa 85 cikin 100 na inda ƙwallo zai nufa. To, in goshi na duban hagu, sanda kuma ta biyo hagu, ƙwallo zai miƙe hagu. Iri na fari ke nan.

Iri na biyu ya fi daɗin bincike. Kowane bugu ya kan sa ƙwallo ya yi juyi da baya kamar katantanwa, sau 2,000 zuwa 3,000 a minti ɗaya in da babbar sanda ce. Ƙwallon da ke juyi ya kan ja iskar da ke gefensa ya tunkuɗa ta ƙasa, ita kuwa iska ta tunkuɗa shi sama. Wannan ne ke riƙe shi a sama. 'Yan ramukan nan na jikinsa, masu kama da zanzana, guda 300 zuwa 500, su ne ke sa iska ta manne masa, gama ƙwallo mai santsi ba ya yin nisa kamar mai ramuka. Isaac Newton ya lura da wannan lanƙwasa a ƙwallon tanis a 1672, wani Bajamushe kuma, Gustav Magnus, ya gwada ta a 1852, har ta ci sunansa.

To, in sanda ta biyo ta dama, amma goshinta na duban hagu da wannan hanya, juyin ba ya tsayawa a miƙe, sai ya kishingiɗa. Ƙarfin da ya kamata ya ɗaga ƙwallo sama kaɗai sai ya riƙa jansa sama da hagu, kamar mai keke da ya karkata zai sha kwana. Watau ba goshi kaɗai ba ne, ba kuwa hanya kaɗai ba ce, bambancin da ke tsakaninsu ne ke lanƙwasa shi. 'Yan ƙwallon ƙafa sun san abin, ko da ya ke ba su san sunansa ba. Shi ne Roberto Carlos na Brazil ya yi wa Faransa a 1997.

Ga inda mutane ke ɓata. Wanda ƙwallonsa ke lanƙwasawa hagu ya kan ƙara kai sandarsa dama don ya rama, goshi kuwa na nan inda ya ke. Bambancin ya ƙaru, lanƙwasa ta ƙaru, shi kuma ya ƙara fushi. Abin da ya kamata ya fara dubawa shi ne riƙo. In ya sunkuya ya ga gaɓoɓi uku ko huɗu na bayan hannunsa na hagu, riƙon na rufe goshi. Sai ya murɗa hannuwansa hagu kaɗan har biyu kawai su rage.

'Yan'uwana da za su fita gwajin koyarwa, ba sai kun sami sandar golf ba kafin ku nuna wa yara wannan. Na gwada da ƙwallon roba mara nauyi a aji shida. Na shafa alli a gefe guda don a ga juyinsa, na sa yaro ya shure shi ta gefen dama da cikin ƙafarsa ta dama, saura suka tsaya a bayansa suna faɗin inda zai lanƙwasa kafin ya shura. Ku yi shi da safe, kafin iska ta taso.