Awo Kafin Yanka

A ƙasarmu ta arewacin Kano, wajen su Dambatta da Bichi da Minjibir, gona tana manne da gona. In aka raba gado, abin da kowa zai samu ba ya ci da gida har shekara ta kewayo. Ga kuma rani mai tsawo. Saboda haka tun zamanin kakanninmu manomi yakan riƙe sana'ar rani, wani saƙa, wani rini, wani ɗinki. Yau za mu yi magana a kan ɗinki, da yadda ake koyonsa a wurin tela.

A da, masaƙa suna saƙa ƙyalle siriri mai tsawo. Maɗinki ya jera su, ya haɗa da allura, ya fid da babbar riga. Irin wannan riga yalwa gare ta, ba ta neman awo mai yawa. Daga baya keken ɗinki ya shigo ƙasarmu. Wani mutumin Amurka mai suna Isaac Singer ya yi rajistar nasa keken a 1851, sunansa kuwa yana jikin kekuna da yawa. Yadin kanti mai faɗi ya wadata. Mutane suka so kaftani da wando da rigar mata masu bin jiki. To, waɗannan sai an auna.

Ga yadda koyo yake. Uba yakan kai ɗansa wurin tela ya damƙa masa amana. Yarinya kuwa akan kai ta wurin mace mai ɗinki a cikin gida. Da fari sai shara da guga da sa maɓalli. Sa'an nan kalmasa da ƙubakar wando. Sa'an nan a ba shi tsumma ya yi ta taka keke, har layinsa ya miƙe. Gwamnatin Tarayya ma ta bi wannan hanya. A 1987 hukumarta ta samar da aikin yi, wato NDE, ta fara tura matasa wurin masu sana'a su koya a hannunsu.

Yanka shi ne na ƙarshe da ake koya wa yaro. Me ya sa? Domin ɗinki in ya karkace ana warwarewa a sake. Amma abin da almakashi ya ci ba ya komowa. Mutum ya sayar da gyaɗarsa ko akuyarsa, ya tafi Kantin Kwari a Kano, ya sayo shaddar Salla. In aka ɓata masa ita, ga biya, ga kunya, ga sunan tela ya lalace a gari.

Maganin wannan shi ne samfur, wato a fara yanka rigar a takarda. Takardar buhun siminti ta isa, ko tsohuwar jarida. Ga misali. Mun auna ƙirjin mutum da tef, mun sami inci 36. Mu ƙara inci 4 don ya sami sakewa, ya zama 40. Riga tana da gaba da baya, kowanne kuwa ninke shi ake yi biyu kafin a yanka. Saboda haka mu raba 40 gida huɗu, mu sami inci 10. Wannan ne faɗin da za mu zana a takarda. Mu auna tsawo da kafaɗa da hannu da wuya, mu zana su. Mu yanke takardar, mu gwada. In da kuskure, takarda kaɗai muka yi hasara.

In samfur ya yi daidai, sai mu ninke yadi, mu ɗora takardar a bakin ninkin, mu bi gefenta da alli. Mu bar rabin inci a waje don wurin ɗinki. Mu sake aunawa. Sa'an nan mu ɗauki almakashi. Mu tuna yadi ɗaya inci 36 ne. Wanda ya san haka zai gaya wa mai kaya yadi nawa zai sayo, ba ragi, ba ɓarna.

'Yan'uwa, kun ga dukan wannan aiki yana tsaye a kan lamba. Wanda bai iya karanta tef ba, sai ya auna da taƙi, taƙin wani kuwa ba na wani ba ne. Tela mai littafi yakan rubuta sunan mai kaya da awonsa da ranar alkawari, ko kayan mutum ashirin ya karɓa ba ya rikicewa. Wanda yake so ya koyi ɗinki, ya riƙe lissafinsa da kyau tun daga nan aji.

Tambayoyi

1. Don me ake koya wa yaro yanka a ƙarshe?
2. In ƙirjin mutum inci 40 ne, inci nawa za mu zana a takarda?
3. Inci nawa ne a cikin yadi 3?