Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Kejin Kifi da Lissafin Kwamfuta

Wanda ya tsaya a gaɓar tekun Norwe ya hango gonar kifi ba zai ga abin tsoro ba. Wasu manyan zobba ne na baƙar roba suna lilo a kan ruwa, can kifi ya yi tsalle ya koma. Amma a ƙarƙashin kowane zobe akwai raga mai zurfin gidan bene, kuma dokar ƙasar ta yarda a zuba kifi har 200,000 a keji guda. Tun shekarar 1970 da wasu 'yan'uwa biyu, Ove da Sivert Grøntvedt, suka fara kiwon kifin salmon cikin keji a tsibirin Hitra, sana'ar take bunƙasa, har yau Norwe tana samar da fiye da tan miliyan ɗaya a shekara. To, wannan tarin kifi yana ci, yana kashi. Keji kuwa ba shi da daɓe, ba shi da mai shara. Komai ruwa yake bi.

Ina ƙazantar take sauka? Duk wanda ya taɓa kallon mace tana shiƙar hatsi ya riga ya san rabin amsar. Tsaba tana zubowa a gindin mai shiƙa, ƙaiƙayi kuma iska ta kwashe shi ta kai nesa. Haka abin yake a teku. Ƙwayar abincin da kifi bai ci ba tana da nauyi, nan take take nitsewa ƙarƙashin keji. Kashin kifi ya fi ta sauƙi, sai igiyar ruwa ta ja shi ta baza. Masana na cibiyar binciken teku ta SAMS da ke kusa da garin Oban a Sikotlan sun mayar da wannan shiƙar lissafi, suka ƙera manhajar kwamfuta mai suna DEPOMOD. Ana ba ta zurfin wurin, da ƙarfin igiyar ruwa da inda ta nufa, da yawan kifi, da nauyin abincin da za a riƙa zubawa kullum. Ita kuma ta zana taswira: ga inda ƙazanta za ta taru, ga kaurinta, ga iyakar inda za ta kai. Hukumar kare muhalli ta Sikotlan, SEPA, tana duba irin wannan taswira kafin ta yanke yawan kifin da za a bari a ajiye a wuri.

Sai dai gani ya kori ji. Bayan an fara kiwo, ma'aikata sukan shiga jirgin ruwa su zura wani ƙarfe mai baki biyu, ya sauka ƙasa ya cizo laka. Idan wurin lafiya lau ne, lakar takan fito da launin toka ko ƙasa-ƙasa, da ƙananan halittu iri-iri suna motsi a ciki. Idan ya lalace, sai ta fito baƙa wuluk, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, wani lokaci da farin abu kamar fumfuna ya lulluɓe ta. Ma'anar haka ita ce ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ƙazantar sun shanye iskar oksijin ta wurin ƙaƙaf. Hancin mutum ma ya isa shaida, ba sai an je ɗakin gwaji ba.

A Norwe abin da ya fi ci wa masu kiwon kifi tuwo a ƙwarya shi ne kwarkwatar teku, wata 'yar halitta da ke maƙale wa kifi tana cin fatarsa. Tana hayayyafa a keji, ruwa ya kwashi 'ya'yanta ya kai wa ƙananan kifayen dawa masu fitowa daga koguna. Masu gona suna ƙirga kwarkwatar jikin kifinsu su kai rahoto, cibiyar binciken teku da ke Bergen kuma ta saka alƙaluman a kwamfuta don gano inda ruwa zai kai 'ya'yan. A 2017 aka raba gaɓar ƙasar shiyya 13, kowace da launi irin na danjar hanya. Inda hasashe ya nuna kwarkwata za ta kashe ƙasa da kashi 10 cikin 100 na ƙananan kifayen dawa, kore ne, ana iya ƙara kiwo da kashi 6. Inda ya haura kashi 30, ja ne, a rage kashi 6. Kun ga lissafi ya zama doka mai taɓa aljihu.

Amma kada kowa ya ɗauka kwamfuta ba ta kuskure. Abin da aka ɗura mata shi take amayarwa. A tsibirin Tasmaniya na Ostareliya akwai wani mashigin teku, Macquarie Harbour, mai ƙunƙuntar ƙofa. Ruwan koguna yana kwance a sama, ruwan gishiri a ƙasa, ba su cika cakuɗuwa ba, don haka iska ba ta saurin isa ƙasa. A 2012 aka amince a faɗaɗa gonakin kifi a wurin, bisa hasashen cewa ruwan zai iya ɗauka. Ba a jima ba oksijin ɗin ƙasa ya faɗi, laka ta mutu a kewayen wasu kejin, har cikin yankin da aka keɓe a matsayin kayan tarihin duniya. Hukuma ta yi ta zaftare adadin kifin da aka yarda da shi har ya koma tan 9,500 a 2018. Wani kifi mai faɗi kamar faifai, wanda a nan kaɗai ya rage a duniya, yanzu yana bakin ƙarewa. A ganina laifin ba na na'ura ba ne, na waɗanda suka yi gaggawar gaskata ta ne saboda ta faɗi abin da suke son ji.

Wani zai ce ina ruwan biri da gada, mu da ba mu da teku a bayan gida? Ai keji ya riga ya iso. A Tafkin Volta na Gana ana kiwon karfasa a keji jingim, kuma a 2018 cuta ta kashe kifi masu ɗimbin yawa a can. Ruwan dam ko tafki kuwa bai kai na teku motsi ba, ga shi da shi ake sha, ake ban-ruwa, ake shayar da dabbobi.

Saboda haka, jama'a, musamman masunta da masu unguwanni: ranar da wani ya zo da takarda ya ce bincike ya nuna kejinsa ba zai ɓata muku ruwa ba, ku tambaye shi wa ya auna ruwan, a wane wata aka auna, da rani ko da damina, kuma wa ya biya kuɗin aikin. Sannan ku nemi a rubuta a yarjejeniya cewa duk shekara za a ɗebo lakar ƙarƙashin kejin a gabanku, ku gani da idonku, ku sansana.